Tsuntsayen Kakana a Washington

Litinin: Bichi zuwa Kano

Ƙarfe huɗu da kwata na asuba na fito daga ɗakina, ladan bai ma gama gyaran murya ba. Jirgina sai ƙarfe ɗaya na rana zai tashi, kuma daga Bichi zuwa Kano kilomita arba'in ne da 'yan kai, amma wanda bai taɓa hawa jirgi ba kada ka ce masa ya koma ya kwanta. Jaka ɗaya a hannu, gafakar kakana a rataye a wuya ta cikin riga.

Bari in gaya wa wanda bai sani ba labarin gafakar nan, don 'yan majalisarmu ta bakin tasha kam sun ji shi har ya ishe su. Kakana Malam Ilu ya tafi Makka a ƙasa, ya bar 'yarsa ta fari tana shekara huɗu, wadda ya sa wa sunan mahaifiyarsa, Hajara. Mahaifina kuma yana ciki, ba a haife shi ba tukuna. Malam Ilu bai dawo ba. Bayan shekaru wani abokin tafiyarsa ya kawo gafakar, ya ce Malam ya rasu a ƙasar Masar. A ciki akwai warƙa bakwai, kowace an cika ta da zanen tsuntsaye jere-jere da wasu 'yan alamomi, ƙasan kowace kuma akwai wani dabbare-dabbare ja-ja inda ruwa ya taɓa shiga. Mahaifina ya rasu bai san mene ne ba. Ni kuwa, da na yi shekara talatin da ɗaya ina koyar da tarihi a sakandare, kallo ɗaya na yi musu na yanke hukunci: rubutun Fir'auna ne, kuma sirrin ginin dala ne a ciki, in ma ba taswirar zinariya ba. Shekara goma ina faɗar haka a majalisa, har aka daina ce mini Malam Sabo, sai Na-Fir'auna.

Bilkisu, 'yar ƙanwata, nas ce a wani asibiti a Largo can Amurka. Ita ta aika hotunan warƙoƙin ga wata masaniyar tsofaffin rubuce-rubuce a Washington, matar ta ce tana son ganinsu ido da ido, ta ba mu minti arba'in ranar Alhamis. Bilkisu ta yi mini duk ɗawainiyar biza da tikiti.

Kafin in fita na leƙa ɗakin Gwaggo Hajara, don gafakar tata ce, aro ta ba ni. Ta haura tamanin, idon ya yi nisa, amma kunne garau. Na durƙusa na fara yi mata bayanin irin sunan da gidanmu zai yi a duniya. Ta bar ni na gama.

"Sabo, ni ba ruwana da Fir'auna," in ji ta. "Abu ɗaya za ka tambayo mini. A cikin takardun nan, ya ambace ni?"

Na ce in Allah ya yarda zan tambayo. Abin da ban gaya mata ba shi ne aikin da na yi ranar Asabar. Tunanin ruwa da gumi da hannun masu bincike ya sa na ɗauki warƙoƙin na kai shagon hoto-kwafi na ce a yi musu lamineshin, wato a manne su cikin roba, yadda na yi wa takardar shaidar digirina. Guda shida suka bi ta cikin injin suka fito suna sheƙi, sai wuta ta ɗauke, janareta kuma ba mai. Ta bakwai na saka ta a ambulan ina ta tsaki, ina jin ita ce za ta kunyata ni a gaban Turawa.

Motar haya ta cika ƙarfe biyar da rabi. Shinge biyu muka wuce, a na biyu wani jami'i ya ga tudu a ƙirjina ya tambaya, na ce littafi ne. Ƙarfe bakwai saura ina filin jirgi, ni da masu shara.

Litinin da Talata: Alƙahira zuwa Dulles

Awa biyar da wani abu muka yi zuwa Alƙahira. Na roƙi kujerar taga don in ga dala daga sama, aka ba ni taga, sai dai fiffiken jirgi ne ya tare ko'ina. Don haka Na-Fir'auna ya shiga Masar ya fita, abin da ya gani kujerun jira ne da wani shago mai sayar da 'yan dalar roba. Na sayi ɗaya, kada a ce ban zo da shaida ba.

Jirgi na biyu awa goma sha biyu. Aka tambaye ni kaza ko kifi, na ce duka, aka yi murmushi aka ba ni kifi. Ƙarfe shida da minti goma na safiyar Talata muka sauka a Dulles, filin jirgin Washington.

A wurin bincike kilishin da na ɗauko wa Bilkisu ya tafi, don dokarsu ba ta yarda a shigo da nama ba, kuma an rubuta haka a takardar da na sa wa hannu ban karanta ba. Jami'in ya buɗe gafaka. Na gyara tsayuwa, na ɗauko Turancin da nake ajiye wa ranar taron iyaye, na fara ba shi tarihin Masar daga Sarauta ta Farko. Ya jujjuya warƙa ɗaya, ya ƙwanƙwasa ta da farce, ya tambaye ni ko takardar jerin abinci ce ta wani gidan cin abinci. Ya miƙo mini kayana ya ce in wuce. A raina na ce jahilci dai ba shi da ƙasa.

Bilkisu na jira a waje da rigar sanyi a hannu. Daga nan zuwa gidansu a Mitchellville kilomita saba'in ne, cunkoso ya sa muka yi awa ɗaya da minti arba'in. Unguwa ce shiru, ciyawa a aske, ba akuya ko ɗaya. 'Ya'yanta suka durƙusa suka gaishe ni da Hausa tsaf, na ji daɗi na ja su da hira, sai amsa ta koma Turanci. Da rana aka yi tuwon shinkafa da miyar kuka. Bilkisu ta ce, "Kawu, ina fata dai takardun suna nan yadda suke?" Na ce sun ma fi da kyau.

Laraba: Largo zuwa inda na fito

Na ce zan je in gano wurin da kaina kafin ranar, don kada in makara. Bilkisu ta hana, na ce mutumin da ya san Legas ba ya ɓata a Washington. Legas ɗin sau ɗaya na je, a motar makaranta. Ta sauke ni tashar jirgin ƙasa ta Largo ƙarfe tara, ta rubuta mini sunan tashar da zan sauka a unguwar Southwest ta Washington, ta ce minti ashirin da biyar ne.

Jirgin da ɗumi, kujera da laushi, jikina kuma yana ganin la'asar ta kusa a Bichi. Na ce bari in rufe ido in yi bitar jawabina. Da na buɗe, sai ga jirage suna tashi ta taga. Ashe layin da na hau har Dulles yake zuwa, ni kuma na bi shi da aminci. Ƙarfe goma da rabi ke nan. Na sayi wani burodi mai ganye a ciki dala goma sha ɗaya, na ci shi a tsaye ina istigfari, na hau jirgin komowa ina mintsinin cinyata.

Bilkisu ba ta yi dariya a gabana ba, Allah ya yi mata albarka. A kicin ta yi, ina jiyo ta. Da ta fito ta ce gobe tana da aiki tun safe, amma ta yi magana da Malam Isuhu, wani direban haya mutumin Damagaram da suke masallaci ɗaya da mijinta, shi zai kai ni ya dawo da ni.

Alhamis: Southwest

Malam Isuhu ya zo ƙarfe takwas da rabi, dattijo siriri mai farin gemu, shekararsa goma sha tara a ƙasar. Kilomita ashirin da biyar ne zuwa Southwest, muka yi minti hamsin, kuma duk minti hamsin ɗin ni nake magana. Na koya masa yadda ake gina dala. Na koya masa cewa Hausawa da Misirawan dauri dangi ne. Na tambaye shi iya karatunsa, ya ce shi bai yi lakkwal ba, wato boko, allo kawai ya yi a gaban mahaifinsa. Na ce ba komai, kowa da rabonsa, har ina dafa masa kafaɗa.

Southwest manyan gine-ginen gwamnati ne masu kama ɗaya, ma'aikata suna ta sauri da kofi a hannu. A ƙofar ginin da za mu, mai gadi ya yi mini tambaya sau uku ban gane ba, na ba shi amsa sau uku bai gane ba. Malam Isuhu ya sa baki, cikin minti ɗaya aka rubuta sunayenmu mu biyu. Ta haka ya zama tafintan mai digiri.

Ɗakin yana ƙarƙashin ƙasa, da sanyi, da dogayen tebura. Masaniyar tsohuwa ce ƙarama mai furfura, ta yi shekaru tana kwafar rubutun jikin kaburbura a Masar, yanzu kuma tana kula da tsofaffin takardu. Ta sa muka wanke hannu. Ta shafa fatar gafakar a hankali, ta yaba ɗinkin. Ni kuma na zaro guda shidan nan na baza su a tebur ɗaya bayan ɗaya, ina jiran yabo.

Ta cire tabarau. Ta mayar. Ta zauna. Sannan ta tambaya, cikin wata murya ƙasa-ƙasa, wane ne ya yi wannan aikin, don a hotunan da aka aiko mata ba haka suke ba. Wallahi na yi niyyar in ce mai shago ne ya matsa mini. Na ce ni ne. Ta yi mini bayani ba faɗa, kuma rashin faɗan ya fi ciwo: zafin injin ya dafa takardar, gam ya shiga cikin zarenta, in an ce za a ɓare, tawadar za ta biyo robar. Ta ce da a ce na bar su a gafakar nan, da sun ƙara wasu shekaru ɗari.

Duk da haka ta duba zanen. Ta ce ba shakka rubutun Misirawan dauri ne, wani ya tsaya a gaban bango ya kwafa da alƙalamin kara, kuma yana da hannu. Na ɗan ɗago kai, na kalli Malam Isuhu. Sai ta ci gaba. Ta ce a warƙa biyu kawai za ta iya gane jimla, kuma ita ce jimlar da ta fi kowace yawa a kaburburansu: roƙo ne a ba mamaci burodi, da giya, da shanu, da tsuntsaye. Shekara goma ke nan ina yawo da takardar neman sadakar giya, ina cika wa mutanen Bichi baki. Malam Isuhu ya fassara mini kalmar giyar sau biyu, ko da yake na ji tun farko.

Sauran warƙoƙin, in ji ta, ba sa karantuwa, don mai kwafar ya yi ta tsallake alamomi. Inda duk ya ga mujiya, ko agwagwa, ko ungulu, ko ɗan tsako, ya zana shi da kyau har gashin fiffike. Kwando da igiya da sauran tarkace kuwa ya bar su a bango. Ta ce kamar tsuntsayen kawai yake so, kuma ba ta san dalili ba.

Minti talatin sun tafi. Sai maganar Gwaggo ta faɗo mini, na ji kunya ta rufe ni don sai yanzu na tuna. Na tambaya ko akwai sunan mutum a ciki, sunan mace. Ta ce a zanen babu. Amma ta nuna dabbaren nan na ƙasa, ta ce tun a hoto take zargin ba tabon ruwa ba ne kawai, rubutu ne da wata tawada daban wadda ruwa ya wanke, kuma irin wannan takan fito a ƙarƙashin wata fitila ta musamman. Ta ja labule, ta kashe wuta, ta haska warƙa ta farko. Robar ta ɗauki haske gaba ɗaya, shuɗi fau, ba a ganin komai a ƙarƙashinta. Ta biyu haka. Har ta shida. Ina tsaye cikin sanyin ɗakin nan gumi yana bin bayana.

Ta tambaya ko ba bakwai ba ne. Na zaro ambulan daga aljihu ina ba da haƙuri cewa wannan ba a samu an gyara ta ba. Ta karɓa da hannu biyu. Ta fara ɗaga ta ga haske, ta nuna mana jinjirin wata uku a cikin jikin takardar, tambarin masu yin ta, irin wadda fatake suke kawowa ƙasashenmu. Sannan ta kwantar da ita ta kunna fitilar. Dabbaren ya yi duhu, ya rarrabu, sai ga baƙaƙe layi uku.

Ta ce baƙaƙen Larabci ne amma ba Larabci ba ne, ta matsa mini in karanta. Ajami ne, Hausa ce, hannun kakana ne. Na sunkuya. Na gane alif. Na gane wani abu mai kama da kaf. Rabona da ajami tun ina shekara tara, lokacin da na ce wa mahaifina boko ya ishe ni. Na gyara tabarau, na ce hasken ne bai isa ba.

"Malam, in gwada?" in ji Malam Isuhu.

Ya sunkuya, hannayensa a baya don kada ya taɓa, ya karanta a hankali kamar mai bitar allo: "Ban san karatunsu ba. Mutanen nan da tsuntsaye suke rubutu. Na zana wa Tantabara ta gani. In ban iso ba, a ba ta."

Masaniyar ta ce ga alama wasiƙa ce guda da ta bi ƙasan warƙoƙin duka bakwai, wannan ce ƙarshenta. Sauran shidan suna cikin roba. Ta ɗauki hoton layukan ta ba ni, ta sa warƙar a cikin wata farar takarda mai kauri, ta roƙe ni kada in ƙara gyara komai. Na ce ko maɓallin rigata ba zan ƙara gyarawa ba.

A mota ban koya wa kowa komai ba. Abin da ke cina shi ne sunan. Babu Tantabara a gidanmu, ban taɓa jin ta ba. Na ce wa Malam Isuhu ƙila kakana ya yi aure a hanya ya haifi wata, ita ya zana wa, gafakar ta ɓace hanya ta zo Bichi. To me zan gaya wa tsohuwar da ta yi shekara tamanin tana jira? Na ce ina ganin zan ce mata Hajara aka rubuta, ai ba gani take ba. Ya ci gaba da tuƙi har muka hau babban titi.

"Malam, an ba ka saƙo ne," ya ce. "Ka kai shi yadda yake."

Kuɗin motar ma ƙin karɓa ya yi, wai ya karanta hannun malami, ya isa.

Juma'a zuwa Talata: komowa

Sauran kwanakin Bilkisu ta zaga da ni gari, na ga abubuwa da yawa, ban riƙe ko ɗaya ba. Mun yi Juma'a, na haɗu da likitoci da injiniyoyi 'yan Arewa, wani ya ce ya ji an ce na zo da rubutun Fir'auna, na ce ƙarin gishirin mutane ne. Na gaya wa Bilkisu zancen lamineshin. Ta ce, "Kai, Kawu," ba ta ƙara ba. Sunan Tantabara ita ma ba ta san shi ba.

Ranar Lahadi da yamma na tashi daga Dulles, wannan karon da gangan na je. Alƙahira kuma, fiffike kuma. Na sauka Kano ranar Talata ƙarfe goma sha biyu saura, na shiga Bichi ƙarfe biyu da rabi. Na bi ta bayan kasuwa don kada 'yan majalisa su hango ni.

Gwaggo tana kan tabarma a inuwar ɗakinta. Bayan gaisuwa na ɗora mata gafakar a cinya. Ta zaro warƙoƙin, yatsunta suka zame a kan robar, ta tsaya. Na faɗa mata abin da na yi, duka, da abin da ya jawo: wasiƙa ce mahaifinta ya rubuta, na rufe kashi shida cikin bakwai da hannuna, ba mai ƙara karanta su. Ban taɓa jin nauyin harshena irin na ranar ba. Ta lalubo ta bakwai, ta riƙe ta.

"Wannan fa? Ya ambace ni?"

Ƙaryar tana bakina, a shirye. Na haɗiye ta. Na ce, "Gwaggo, babu sunanki. Wata ya ambata, ba mu san ta ba." Na buɗe takardar da Malam Isuhu ya rubuta mini da boko, na karanta mata. Da na zo kan "Na zana wa Tantabara," sai na ji ta amsa, a hankali, da wata murya wadda ban san ta da ita ba.

"Na'am."

Na ɗago. Hawaye ne yake bin fuskarta, tana murmushi. Ta ce yaushe mahaifinta zai kama sunanta, tana 'yar fari, ga sunan mahaifiyarsa a kanta? Ta ce kullum tana bin tantabarun gidan tana son kamawa, shi ne ya sa mata haka, shi kaɗai yake kiranta da shi, kuma tun safiyar da ya fita ba wanda ya ƙara. Ni da nake koya wa yara al'adun Hausawa, har ina ba da tambaya a kan alkunyar ɗan fari a jarrabawa, na je Amurka na dawo ban tuna ba.

Ta ce in sake karantawa. Na sake. Ta ce in ɗora yatsanta a kan tsuntsayen in riƙa gaya mata sunan kowane, na yi, mujiya, agwagwa, ɗan tsako, har ƙarshen layi. Na ce ta yafe mini sauran shidan. Ta ce ta yafe, amma in kwashe su daga cinyarta, sanyi gare su.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da ya kuma ɗauke wutar nan ranar Asabar. Na gode wa Bilkisu da maigidanta, da tsohuwar da ba ta yi mini faɗa ba, da Malam Isuhu na Damagaram. 'Yan majalisa kuma ku ci gaba da kirana Na-Fir'auna, na cancanta. Sai dai in kun neme ni bayan la'asar ba ku gan ni ba, ina zauren liman da allona, na kai kan jim. Gwaggo ta ce ba ta son a ƙara karanta mata saƙon mahaifinta daga takardar boko.